Bahaguwar Majigi

Kai Nasiru, ajiye wayar nan ka dube ni, tunda kai ka tsokano maganar. Ka ce wai majigi ba sana'a ba ce, danna abu ne kawai hoto ya fito, har abokanka suna ƙyaƙyatawa. Ni ma na taya ku dariyar, don na san kallon kitse kuke yi wa rogo. Kai jikan ƙanena ne, ba zan yi fushi da kai ba. Amma na ji an ce malaman asibiti sun ɗauke ka jibi ka je Danwarai ka haska wa mata fim ɗin lafiyar yara da ɗan akwatin nan naka mai kamar sabulun wanki. To ku gyara mini benci. Ni Ummaru da ake ce wa Ummaru Majigi, aikin nan ya cinye mini ƙuruciya, kuma akwai abu guda da nake so ka tafi da shi Danwarai, wanda ba a tura shi a waya.

Majigin farko da na gani a fili ne, nan cikin unguwar Jega Magaji, ina yaro ko wando ban cika sawa ba. Mota ta shigo da la'asar tana kiɗa ta lasifika, muka bi ta a guje har inda ta tsaya. Aka kafa gora biyu, aka ɗaure farin alawayyo a tsakani, shi ne allo. Wata tsohuwa ta ce wannan ai likkafani ne, ita ba da ita ba, ta ja jikokinta ta wuce. Da aka sallame isha'i injin wuta ya tashi, haske ya bi ta saman kawunanmu ya faɗa kan ƙyallen, sai ga mutane. Baƙi da fari ne, ba murya, suna tafiya da sauri-sauri kamar kaji an watsa musu tsaba. Wani Bature mai tumbi yana ta rigima da tsani, ya hau ya faɗo, ya hau ya faɗo, mu kuma muna birgima a ƙasa. Daga nan aka nuna jirgin ƙasa, abin da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu, sai kuma shanun huɗa. Ni fa ba hoton ne ya tafi da ni ba. Mutumin da ke tsaye kusa da injin ne, riƙe da makirufo, yana yi wa kowa magana a cikin hoton, har jaki sai da ya ara masa baki. Shi ne Malam Sahabi, wanda daga baya ya zama ubangidana, Allah Ya jiƙansa.

Wankin allo shi ne aikin da ya fara ba ni da na tasa na je wurinsa neman koyo. Ba wasa nake ba. Alawayyon nan in wanke shi, in sa masa bula, in shanya, in naɗe shi yadda ba zai yi layi ba, don layi guda a allo sai ya raba fuskar mutum biyu. Daga nan ɗaukar gora, kafa turaku, jan igiya. In iska ta taso allo ya kumbura, mutanen cikin hoto su yi ciki su yi ƙusumbi, 'yan kallo su yi ta ihu, ni kuma in sha ranƙwashi. Damina ta zagayo ta same ni ban taɓa majigin da hannuna ba, sai dai in goge akwatinsa. Ran da na yi ƙorafi, Malam Sahabi ya ce, "Kai da ba ka iya ɗaurin igiya ba, kai za ni ba idon gwamnati?"

Zura fim shi ne jarrabawar. Ku da ba ku taɓa gani ba, fim wani dogon zare ne mai faɗin yatsa, an naɗe shi a faifai, gefensa duk 'yan ƙananan huji. Daga faifan sama za ka jawo shi, ka bi da shi ta haƙoran inji, ka ratsa ƙofar da haske ke bugawa, ka kai shi faifan ƙasa. Sama da ƙofar da ƙasanta dole ka bar masa ɗan lanƙwasa, ya samu wurin numfashi. Ka matse shi, ya tsinke. Ka sake shi da yawa, hoto ya dinga rawa kamar mai zazzaɓi. Malam Sahabi da rawaninsa yake ɗaure mini ido ya ce in zura, don a ƙauye ba wanda zai riƙe maka fitila. In ya tsinke kuwa, reza ce da gam: ka yanke, ka kankare bakin, ka shafa, ka danne da yatsa kana ƙirga numfashi, jama'a na bayanka suna fito. Da gam ɗin ya daina zuwa, jan farcen mata muka koma saye, kuma wallahi yana kamawa. Na sha tsiya a wurin masu koli a kasuwar Jega, ƙato da ni ina taya jan farce.

Doka guda ya kafa mini, kuma ita ce uwar dokoki: mai majigi ba ya barin injinsa. Ƙwan fitilar da ke cikin majigi zafinsa ya isa ya gasa nama. In fim ya maƙale a ƙofa na ɗan ƙiftawar ido, sai ka ga wani baƙin tabo ya fito a tsakiyar allo yana faɗi yana cin hoton, ya ƙone ke nan. Na gani sau ɗaya a Maiyama, wata mata ta yi salati ta ce wuta ta ci mutumin. Don haka ko kunama ce ta harbe ka, kana nan tsaye, hannu ɗaya kusa da makunni, kunne yana sauraren tafiyar haƙoran. Ku riƙe dokar nan, za ta dawo a labarin.

Bayani kuwa shi ne rabin sana'ar. Tsofaffin faya-fayan nan ba su da murya, waɗanda suka zo daga baya masu murya kuma Turanci suke yi, sai mu kashe sautin mu yi namu. Kai ne mijin, kai ne matar, kai ne likita. Kuma kowane gari da irin kunnensa. Mahautan Jega da 'yan tasha in ba ka sa musu raha ba, kafin ka kai ga faifan rigakafi fili ya watse. Manoman Aliero kuwa ko me ka nuna sai wani ya ɗaga murya ya ce, "To ina na albasa?" Fulanin da ke sauka wajen Maiyama su ne masu wuyar sha'ani. Na taɓa zuba bayani a kan maganin shanu, na gama ina jin kaina, sai wani dattijo ya matso ya ce shi bai ji abin da na ce ba, hankalinsa na kan jar saniyar can ta gefe, tana ɗingishi a ƙafar baya kuma ba wanda ya kula da ita. Na koma na duba faifan da rana. Tana ɗingishin kuwa. Tun ranar na san mutum ba abin da ka nuna masa yake gani ba, abin da ya sani yake gani. Sanin dai na yi, amma bai gama shiga jikina ba sai a shekarar da zan ba ku labari.

Sai kun fahimci yadda ake zama a filin majigi tukuna. Allo ƙyalle ne, haske yana ratsa shi, ana ganin hoto ta gaba ana gani ta baya. A ƙauyukanmu sai aka mai da wannan ya zama gyara. Maza su zauna gefen da inji yake, kujerar maigari dab da majigi don girmamawa. Mata kuma su fito ta bayan gidaje su zauna bayan allo, ba su ratsa maza ba, maza ba su gan su ba. Kowa ya ji daɗin tsarin. Ni kuwa, da dokar Malam Sahabi da kunyar matan mutane, tun da na fara aiki ban taɓa taka bayan allo ana cikin haskawa ba. Dariyarsu kawai nake ji daga can, wani lokacin ma a wurin da ban ga abin dariya ba, in ce halin mata ne.

Muguwar shekarar ta zo bayan Malam Sahabi ya ajiye aiki, mota da majigi suna hannuna. Ruwa ya yi yawa, rijiyoyi suka cika da ƙazanta, amai da gudawa suka shigo ƙasar nan suna ɗaukar yara. Mu ma a sana'a shekarar ba ta yi mana kyau ba. Kayan gyara sun daina zuwa, bel ɗin inji da robar tayar keke na yanka na sa, ƙwan majigi kuma saura guda ɗaya tak, wanda ke ciki. Na naɗe akwatin da bargo, in mota ta faɗa rami ni nake jin zafin a ƙirjina. A haka aka ba mu sabon faifai, aka haɗa ni da wani duba-gari, Malam Bello, mutum mai haƙuri. A faifan wata mata ake nunawa, ɗanta yana gudawa. Ta wanke hannu, ta tafasa ruwa ya huce, ta auna gishiri da sukari ta dama, ta riƙa ba yaron da cokali kaɗan-kaɗan har ya farfaɗo. Abu mai sauƙi, kuma yana ceton rai kafin a kai ga asibiti.

Akwai wata tunga can bayan Sarandosa, ba sai na faɗi sunanta ba, jikokinsu na nan suna cin kasuwa da ku. Mun haska musu faifan nan tun farkon damina. Na zage na yi bayani, maza suna gyaɗa kai. Ta bayan allo na ji guna-guni, na ji kuma kamar ana tashi, ban kawo komai a raina ba. Da ciwon ya isa garin aka ce mu koma. Mun tsallake rafin da ke hanyarsu da ƙyar, muna fita ruwan sama ya sauko a bayanmu rafin ya cika, ba komawa sai ya janye. Malam Bello ya bi ƙofa-ƙofa yana tambaya, ya dawo fuskarsa a yamutse. Gida ko ɗaya ba a yin ruwan gishiri da sukari. Mazan suna cewa sun faɗa a cikin gida, matan sun ƙi, wai Inna Kulu ta hana.

Inna Kulu ita ce ungozomar garin. Duk wanda ke tafiya da ƙafa biyu a tungar nan, in dai bai yi furfura ba, ita ta yanke masa cibiya, don haka maganarta a wurin mata ta fi ta maigari nauyi. Kuma a ranar jikarta ce kwance, wata 'yar yarinya Hadi da ba a daɗe da yaye ta ba. Tun jiya take zawo, ido ya faɗa, an hana ta ruwa wai kada ya ƙara gudu. Uwar yarinyar tana kuka amma ba ta isa ta tsallake maganar uwar mijinta ba. Mu kuma maza baƙi, ba mu da ikon wuce zaure. Malam Bello ya ce mini a hankali, in ba a sa wa yarinyar nan ruwa a ciki ba, ba ta kai lokacin da rafi zai janye.

Muka aika a yi mana sallama da tsohuwar. Ta fito bakin zaure da sandarta, 'yar ƙarama da ita, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai majigin?"

Na durƙusa na ce, "Ni ne, Inna."

"To ka ji da kyau, ɗan nan. Ba mu ɗaukar magani daga hannun ƙazama."

Malam Bello ya ce, "Inna, wace ƙazama? Matar da ta wanke hannu da sabulu a gabanku?"

"Ta wanke, munka gani. Sannan da wane hannu ta dama? Da wane hannu ta ɗebi gishiri? Da wane hannu ta kai cokali bakin ɗanta? Da hagu! Hannun da aka tsarki da shi. Yaro na zawo, uwa ta wanke mai gindi, ta juyo ta ba shi abin sha da wanga hannu, ku ce mu koya? Mi kunka ɗauke mu?"

Na ce, "Inna, wallahi da dama ta ba shi. Faifan nan na haska shi ya fi a ƙirga."

Ta ce, "Kada ka yi rantsuwar banza. Ni idona ya gani, ba labari anka ba ni ba. Mutanenku na majigi ai duk haka suke, bahagwai. Tun muna amare munka san haka, dariya muke musu. Amma dariya daban, ran ɗiya daban."

Ta juya ta shige. Ni kuwa sai na ji kamar an kwara mini ruwan randa. Na je mota na buɗe gwangwanin faifan, na jawo zaren na ɗaga shi ga hasken la'asar. Ga matar nan 'yar mitsitsiya, cokali a hannun dama. Na juya zaren ta ɗaya fuskar. Cokali ya koma hagu. Innalillahi! Na san hoto yana juyawa ta baya, kowane mai majigi ya sani, amma ban taɓa haɗa wannan da hannun cin tuwo ba, Malam Sahabi ma bai taɓa ba. Shekara da shekaru matan ƙasar nan suna kallon wata duniya ta bahagwai, mu muna gaba muna ta zuba bayani. Tsohuwar nan gaskiyarta ta faɗa, kuma da ni ne a bayan allon da na ƙi maganin kamar yadda ta ƙi.

Gyaran a baki mai sauƙi ne: a mai da majigi gefen mata. Na je na faɗa wa maigari, ya ce sam. Ƙato baƙo ya tsaya tsakiyar matan aure da dare? Ba a taɓa yi ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Na ce to maza su koma bayan gidaje mata su fito fili. Ya ce wannan ya fi muni. Muna ta ja-in-ja, rana tana faɗuwa, raina yana ɓaci, don ina jiyo kukan uwar yarinyar ta kan danga. Sai idona ya faɗa kan wani zana da aka jingine a jikin rumbu. Na ce, "Ranka ya daɗe, a kewaye ni da zana kamar akuya, a huda wurin da haske zai fita. Ban ga kowa ba, ba wanda ya gan ni." Ya dubi liman, liman ya ce ai shamaki shamaki ne. Maigari ya ce a yi.

Kafa majigi a cikin zana ba abin da zan yi wa maƙiyina fata ba ne. Wayar wuta ba ta kai ba, sai da aka ɗauko injin wutar aka zagayo da shi. Na huda zanan da wuƙa daidai bakin gilashi. Ciki ba iska, ga ciyawa busasshiya kewaye da ƙwai mai zafin wuta, ga shi kuma shi kaɗai gare ni. Na sa a kawo mini bokitin ruwa da mafici. Ana idar da magariba, duhu bai gama rufawa ba, na tayar, don ba mu da lokacin jiran isha'i.

Ban fara da faifan matar ba. A ƙasan akwati akwai wani tsohon faifai da na gada daga Malam Sahabi, shi ma ya ce ya tarar da shi, ya fi duk sauran tsufa, duk jikinsa tabon gam ne. Gayya yake nunawa a wani gari na ƙasar Hausa, manoma sun yi noma sun gaji, sun zauna sun kewaye akushi, liman ya yi addu'a, suka sa hannu. Kowa a ƙasar nan ya gan shi ya sake gani. Shi na zura.

Hoton na fitowa sai ihu ya tashi daga gefen maza. Wani ya ce, "Kai! Mi ya samu mutanen ga? Sun koma cin tuwo da hagu!" Na ji muryar maigari yana cewa, "La ilaha illallahu, ashe abin da suka gani ke nan." Gefen mata kuwa tsit, sai wata ta fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Ta hujin zana na hango Inna Kulu ta miƙe da sandarta. Ta zagaya allon, ta shiga har tsakiyar maza, suka dare mata, ta tsaya ta duba. Ta dawo gefen mata ta duba. Ta sake komawa. Sannan na ji an ƙwanƙwasa zanana da sanda.

"Ɗan nan, to wane gefe ke da gaskiya?"

Na ce, "Inna, ke ce babba. Kin taɓa ganin gayya guda, har da liman, kowa da hagu yake cin tuwo?"

Faifan yana ta tafiya, ni ina fifita inji, gumi yana shiga mini ido. Can ta ce, "Sa wagga mata in gani."

Na zura faifan matar a cikin duhu, Allah Ya saka wa Malam Sahabi da alheri kan rawanin da yake ɗaure mini ido da shi. Ranar ban yi raha ko ɗaya ba. Matar ta wanke hannu, ta auna, ta dama da dama, ta kai cokali bakin ɗanta da dama. Da ya ƙare Inna Kulu ta ce, "Sake." Jikin majigin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ƙa'ida sai a bar ƙwai ya huce. Na ce a raina ƙwai dai ƙwai ne. Na mayar da zaren na sake. Ana kaiwa wurin awo na ji tana ba da umarni: wance ta hura wuta, wance ta je wurin mai tebur ta karɓo sukari, a kira duba-garin nan ya tsaya bakin zaure ya auna a gabanta. Yaron cikin hoto yana buɗe ido ke nan sai na ji ɗas, allo ya yi duhu. Ƙwan ya tafi. Na zauna a ƙasa cikin zana, ban san sanda na ce alhamdulillahi ba, don na riga na ji ƙamshin hayaƙin murhu daga gidan tsohuwar.

Ita da kanta ta riƙa ba Hadi da cokali, in ta amayar ta jira ta sake. Da safe rafi ya janye, muka sauke kayan majigi muka shimfiɗa tabarma a bayan mota, muka kawo yarinyar da uwarta da kakar asibiti a Jega. Malamar da ta karɓe ta ta ce ruwan nan ne ya riƙe ta. Ba zan yi muku ƙarya in ce ba a rasa kowa a tungar ba, an rasa, tun kafin mu isa an binne wasu. Amma daga ranar abin ya ja baya. Ni na zauna ba ƙwai har kaka, majigi yana rufe a bargo. Inna Kulu ce ta zama majigin. Ta bi tungayen da ke kewaye da sandarta tana gaya wa mata cewa matar nan ba bahaguwa ba ce, allo ne ya yi mata sharri. Da aka samo ƙwai kuma, zana ya shiga cikin kayan aikina, duk faifan da na mata ne a gefensu nake kafawa, maza su yi haƙuri da bahagwai.

Daga baya bidiyo ya zo, gidajen kallo suka buɗe, aka daina kiranmu, yanzu ga ku kuna zuba fim ɗari a abin da bai kai akwatin ashana ba. Ban ji haushi ba. Naku ya fi namu haske, ba ya ƙonewa, ba ya son jan farce, kuma ina murna da na ga an dawo da kai wa mata fim har ƙauye. Abin da nake so da kai, Nasiru, jibi in ka kunna, kada ka tsaya kana kallon akwatinka. Naka ba ya bukatar tsaro kamar nawa. Ka nemi izini, ka sa a duba maka daga inda matan suke zaune, ka ji a kan me suke dariya, a kan me suke guna-guni. In ƙyalle za ka ɗaura, ka san ta wane gefe za su zauna kafin ka kafa.

Kana tambaya ina yarinyar take? Tana nan da ranta, a Aliero take aure, har ta yi jikoki. Ga abin da zai ba ku dariya. Da Hadi ta tasa, sai ga ta bahaguwa. Tuwo dai da dama take ci, an koya mata, amma daka da tankaɗe da yankan albasa duk da hagu. Kun san yadda ake yi wa irin waɗannan yaran, a yi ta bugun hannun har ya bari. Inna Kulu ta ce duk wanda ya taɓa mata jika ita da shi ne, ta riga ta yi wa bahaguwa ɗaya sharri a duniya, ba ta ƙarawa.

Bara da kaka na je Aliero gaisuwa, na bi ta ƙofar gidansu. Ta fito da kwandon albasa ta ce in kai gida. Ta miƙo mini da hagu, sai ta tuna, kunya ta kama ta, ta fara kiciniyar sauya hannu tana cewa, "Yi haƙuri, Baba."

Na ce, "Miƙo da wanda kika ga dama, ɗiyata. Ni na san ta inda nake kallo."